Baba Mai Awo Ya Ajiye Sifana

Shekara talatin da ɗoriya, kullum da safe Baba Mai Awo zai shimfiɗa kwali a ƙofar garejinsa ya shige ƙarƙashin mota. Mu ƙafafunsa muka fi sani. In ka haɗu da fuskarsa a kasuwa, sai ka yi ta tunanin ina ka san bawan Allah nan.

Direbobi kan ƙara ganyen sifirin, ƙarafan nan da ke tallabe da nauyin mota, don ta ɗauki kaya. Bayanta sai ya ɗaga, farfela, sandar da ke juya tayoyin baya, ta karkace daga saitin aksul da ke riƙe da tayoyin, mota ta kama karkarwa kamar mai zazzaɓi. Baba zai auna karkatar, ya cusa siririn ƙarfe tsakanin sifirin da aksul, ya ɗaure tamau. Kuma ba ya auna mota wayam. Duk wanda ke zaune a wurin sai ya hau baya.

"Da kaya take aiki, da kaya za a auna ta," in ji shi.

Kawuna direban motar asibiti ne. Sau biyu farfelarsa na tsinkewa cikin wata uku, aka ce tuƙin ganganci yake yi, har an rubuta takardar korarsa. Mutum mai 'ya'ya biyar, ya zo gareji ido ya yi ja.

Baba ya leƙa ƙarƙashi ya ce, "Ƙanena, wa ya ƙara maka ganye biyu?"

"Ofis ne, Yaya."

"To, ofis ya zo ya gani."

Da ƙafarsa Baba ya je ya kawo shugaban asibitin, ya sa shi ya durƙusa da farar rigarsa, ya nuna masa karkatar. Da ya gama gyara, ya ajiye kofi cike da ruwa a cikin motar, ya ce kawu ya ja. Ko ɗigo bai zube ba. Shugaban ya karkaɗe gwiwoyinsa, ya ba kawu haƙuri a gaban kowa.

Yanzu ciwon baya ya ci ƙarfin Baba, ya ajiye sifana, kuma wallahi abin ya taɓa ni.

Baba, kai ne ka tsaya wa wanda ba shi da bakin magana. Marasa lafiyar da aka kai asibiti ba jijjiga ba su san ka ba, amma mu mun sani. Mun gode, Allah ya ba ka lafiya. Ku kuma masu hukunta mutane, kafin ku ɗora wa wani laifi, ku durƙusa ku leƙa tukuna.