Hular Tunkuza a Kan Biskit ɗin Jamila Baturiya

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Jamila, matar yayana Sule, wadda duk Kontagora ta sani da Jamila Baturiya. Ni ban yi boko ba, ba na lissafi da kalanda. Abin da na riƙe shi ne ta rasu a daminar da na dawo daga Makka, kwana tara bayan mangwaron tsakar gidanmu ya faɗi a kan rumbu. Zuwanta garin nan kuwa, lokacin ana cikin koyon tuƙi ta hannun dama ne, tun ba a yanke mana jihar Neja ba. 'Yarta Hannatu ce ke riƙe da biro, ni Dije mai ƙuli-ƙuli ina faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Yaya Sule gwamnati ta tura karatun injin noma a ƙasar Cek, can Turai. Ya tafi da akwati ɗaya, ya dawo da akwati biyu da mata. Sunanta na gida Yarmila, mu muka mayar da shi Jamila, ita ma ta ce ya fi mata sauƙi a kunne. Doguwa ce, mai dariya da dukan jiki. Hausarta ta fara a karkace, amma a garin nan ba a yi wa kowa dariyar Hausa, domin Bakambare da Banufe da Bafulatani kowa da irin tasa. Ni ƙanwar miji ce, wasa tsakaninmu halal ne, sai na riƙa ce mata matata. Ita kuma ta ce mini mijin rana, wai don Yaya yana fita aiki ni ke zuwa in zauna in ba ta umarni.

Mutum ɗaya ce ba ta sake da ita ba, wato Inna, mahaifiyarmu. Ba ta taɓa faɗa mata baƙar magana ba. Sai dai duk abincin da Jamila ta aika ɗakinta, Inna za ta sa albarka, ta rufe, ta ba jikoki. Shekara uku ana haka, kuma Jamila tana gani.

A shekara ta ukun nan wasiƙa ta zo cewa mahaifiyar Jamila ta rasu. A cikin ambulan ɗin akwai wata tsohuwar takarda mai tabon mai, da rubutun hannun tsohuwar. Jamila ta ce mini bayanin biskit ne da suke gasawa a ƙasarsu in Kirsimeti ya matso. Kowane gida sai ya yi kala-kala, a jera a gwangwani a ɓoye, ba mai taɓawa sai ranar. Na uwarta kuwa mai hula ne: biskit a ƙasa, a shafa masa ɗan abu mai tsami, a ɗora kumfar farin ƙwai da aka haɗa da sukari da garin wata gyaɗar bishiya da ba ta fitowa a nan.

Daga ranar Jamila ta daina dariya. Ta sauko da akwatinta daga kan kabad ta fara jera kaya. Yaya ya ce ziyara za ta je da Hannatu bayan Kirsimeti, ta ga kabarin uwarta ta dawo. Ni dai na ga abin da ta saka a akwatin, har da hotunan bango. Mai zuwa ziyara ba ya cire hoto daga bango. Hannatu a bayana ta girma, ni na fara sa mata kunu a baki, kuma na san in jirgin nan ya tashi da su, sai dai a riƙa nuna mini ita a hoto.

Wata safiya Jamila ta same ni ina suyar gyaɗa. Ta ce tana so ta gasa biskit ɗin uwarta sau ɗaya a gidan nan kafin ta tafi, ko zan taimake ta da gyaɗa a madadin tasu. Na ce mata ta zo wurin da ya dace, don daga Kontagora har Ibeto babu macen da ta fi ni sanin gyaɗa. Ban kuwa yi ƙarya ba, har gobe ina kan bakana.

Mun yi mako biyu muna tara ƙwai, domin lokacin ba a san gidan gona na kaji ba, sai abin da kajin gida suka saka. Dudu, Bafulatanar da ke kawo mana nono daga rugarsu ta wajen Kaboji, ta kawo man shanu sabon kaɗi. Jamila ta dafa zoɓo da sukari har ya yi kauri kamar zuma, shi ne abin tsamin. Murhun gashi kuwa babu, sai na kawo dabarar tukunyar ƙarfe: yashi a ciki, faranti a kan yashi, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Ta murza fulawa da man shanu da gwaiduwa, ta shimfiɗa da kwalba, muka riƙa yankawa da bakin kofin shayi.

Saura hula. Ta ce in niƙa gyaɗa. To ni in aka ce mini niƙa gyaɗa, abu ɗaya na sani. Na durƙusa kan dutse na niƙa ta lukui, na sake bi, har ta yi laushi tana ƙyalli, mai yana tsattsafowa. Na kawo mata ina taƙama. Ita kuma ta sha wahalar buga farin ƙwai da maburgi har ya tashi fari fat, ya tsaya kamar audugar da aka shiɓa. Tana zuba niƙana a ciki, kumfar nan ta kwanta. Muna kallo ta koma ruwa, ƙwan mako biyu ya zama kamar kunun gyaɗa.

Sai daga baya ta bayyana mini cewa kumfar ƙwai ba ta shiri da mai, ko ɗigo ɗaya. A ranar dai dariya ta fara yi, har ta zauna a kan turmi, daga nan dariyar ta juye kuka.

"Dije, kin gani ko? Ƙasar nan ba ta karɓar komai nawa."

Kunya ta kama ni. Ni da ake yi wa kirari da gyaɗa, gyaɗa ce ta kunyata ni gaban matata.

Washegari ina matsar mai a gida, na zuba ruwan zafi ina juyawa, mai yana fita gefe, tunkuza tana haɗuwa a hannuna. Tunkuza ita ce abin da ke saura in an matse man gyaɗa, da ita ake murza ƙuli-ƙuli. Na tsaya ina kallonta. Ashe abin da Jamila ke nema, wato gyaɗar da babu mai a jikinta, shi nake taɓawa kullum tun ina budurwa. Na ƙara matse ta a cikin tsumma har hannuna ya yi ciwo, ban sa gishiri ba, ban soya ba. Na baza ta a rana kwana biyu, na daka, na tankaɗe. Gari ya fito mai ƙamshi, in ka damƙa ka saki sai ya watse.

Ƙwai kuma na bi gida-gida da farantin ƙuli-ƙuli a kai, ina musaya. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko aljanu zan yi wa girki. Na sayo sabuwar ƙwarya da sabon maburgi, domin a gidan mai ƙuli-ƙuli babu mazubin da mai bai taɓa ba. Sannan na je na ce wa Jamila ta fito, mijin rana ya ba da umarni.

Wannan karon ni na buga ƙwan, don hannun da ya saba da dama fura ya fi nata sauri. Da ya tashi, ta ce a ƙasarsu akwai gwaji: a kifa ƙwaryar a kan mutum, in bai zubo ba ya yi. Ta dube ni, ta dubi sabon ɗankwalina na atamfa. Na ce ta kifa, in ya zubo ita za ta wanke. Ta kifa. Na runtse ido ina salati a zuci, babu abin da ya ɗigo. Ta barbaɗa garin tunkuza a hankali tana juyawa daga ƙasa, kumfar ta tsaya da ƙafarta. Muka ɗora wa kowane biskit hularsa, da rabin ƙwayar gyaɗa a tsakiya kamar tuntu.

Tukunyar farko ta ƙone, don na cika garwashi a murfi. Ta biyu ta fito ruwan zuma, hular ta ɗan tsage, ƙamshi ya cika gida har maƙwabta suka riƙa leƙowa ta katanga. Jamila ta ɗauki ɗaya ta ci. Ta ce ba irin na uwarta ba ne, amma da uwarta za ta ci, da ta nemi ƙari.

A nan rigima ta tashi. Mu a wurinmu, abu in ya sauka daga wuta a faranti ake rabawa, a aika gidan kowa da zafinsa. Ita kuwa ta jera su a gwangwanin madara babba, ta rufe, ta ce sai bayan mako biyu, wai sai sun kwana sun yi laushi. Na ce wannan rowa ce da aka ɗaura wa zane. Ta ce al'ada ce. Kuma saboda ta san halina da na yaran gida, ta rasa inda za ta ɓoye gwangwanin sai ɗakin Inna, tunda duk duniya ta san Inna ba ta cin abin hannunta.

Ranar Kirsimeti da hantsi ta shimfiɗa tabarma, ta tara mu, har da Dudu. Akwatin tafiya yana nan a ɗaure bakin ƙofarta. Ta shiga ɗakin Inna ta ɗauko gwangwani, tun a hanya na ga tana jijjiga shi, fuskarta ta canza. Ta buɗe. Cikin biskit fiye da sittin, bakwai ne suka rage, suna kwance a ƙasa kamar marayu.

Kowa ya juyo ya dube ni. Na rantse. Yaya ya fara zare wa yara ido. Inna tana zaune gefe tana jan carbi, sai ta gyara murya ta ce a bar yara, ɓeran ba yaro ba ne. Ta ce ɗaya ta ɗauka ranar farko don ta ji ko an sa abin da bai halatta ba. Kashegari ta ɗauki biyu don ta tabbatar. Daga nan kuma bincike ya yi tsawo.

Yaya ya kifa kai yana dariya har hularsa ta faɗi. Inna ba ta yi dariya ba. Ta dubi Jamila, karo na farko da na ga ta dube ta ido cikin ido, ta ce:

"Ke 'yar nan, haƙorana huɗu suka rage, wannan ne kaɗai abin daɗin da ke narkewa ba sai na tauna ba. In kin tafi, wa zai yi mini? Dije? Dije ta ƙona tukunya guda, ina kallo ta taga."

Jamila ta tsaya da gwangwani a hannu. Sai ta durƙusa, ta ajiye shi gaban Inna da bakwai ɗin da suka rage, ta ce, "Inna, ƙarasa binciken."

Da la'asar na ga hotuna sun koma bango. Akwatin nan kuwa, shi ya zama ma'ajiyar gwangwanaye har ƙarshen rayuwarta.

Ta je ƙasarsu daga baya, bayan shekara shida, ta yi wata guda ta dawo. Ta tafi musu da garin tunkuzata a leda, ta dawo tana cewa nasu na gyaɗar bishiya ya yi mata salam. Bayan haihuwar ɗanta na biyu ta musulunta, ba wanda ya matsa mata. Gashin biskit ya koma sau uku a shekara: sallah ƙarama, sallah babba, da watan sanyin nan, wanda ta ce watan uwarta ne, ba za ta bar shi ba. Dokar mako biyu kuwa ta rage ta zuwa kwana uku, ta ce iyakar haƙurin mutanen Kontagora ke nan.

Yanzu ina zaune ina ganin abin mamaki. 'Yan mata suna sayar da biskit mai hula a cikin roba, ana kai wa mutane a Keke Napep, wasu har da kala ja da kore. Suna da injin da ke buga ƙwai kafin ka gama alwala, in akwai wuta. Na san Jamila za ta so injin nan, don kafaɗarta ta sha wuya. Kalar ce za ta sa ta riƙe baki. Rannan wata ta nuna mini a waya yadda mutanen Cek ke yin nasu, ta ce wai mu muka kwaikwaya ba daidai ba. Na ce ta je ta tambayi wayar ko ta san tunkuza. Yawancinsu ba su san sunan Jamila ba, suna cewa abincin gargajiyar garin nan ne. Da farko abin ya ɓata mini rai. Da na sake tunani sai na ga ai amsar maganar da ta yi a kan turmi ce: ƙasar ta karɓa, har ta manta baƙo ne.

Takardar uwarta tana wurin Hannatu, cikin leda, ba mai iya karanta ta a cikinmu. Awon yana hannuna, na kuma zuba shi a hannun Hannatu, ƙwarya da maburgi da komai, duk da ta yi digiri sai da ta ƙona tukunya uku.

Cikin waɗanda suka zauna a tabarmar nan, Inna ta riga kowa, Allah ya jiƙanta, da gwangwani a ƙarƙashin gadonta. Yaya Sule ya bi Jamila bayan shekara biyu. Dudu tana nan a Kaboji, idonta ya tafi amma bakinta na nan, har yanzu tana cewa man shanunta ne sirrin. Sai Hannatu, wadda aka kusa tafi da ita, ga ta nan gabana da furfura tana share ido da gefen mayafi. Sai ni.

Allah ya jiƙan matata, ya sa ta huta. Hannatu, ajiye biron haka nan, tunkuzar da ke kan rufi ta bushe.