Shekarar da Iliya Ya Zama Dikon

Duk wanda ya ce ba a hura gawayi a saman bene a Alƙahira, bai san kakata ba. Iya ta zo Masar ne a hunturun 2013 don a duba mata gwiwoyi, ta sauka gidanmu a Hayyin Ashir, inda Baba ya kama haya yana karatun digirinsa na uku. Ta ƙare wa hitar lantarkinmu kallo, ta ce ita ba za ta ji ɗumin abin da ba ya ko hayaƙi ba. Ta sa aka sayo mata gawayin da masu gahawa ke sa wa shisha, ta samo tsohon kasko, ta kafa mulkinta a baranda. Bawwab, wato mai gadin benen, ya hau yana faɗa da Larabci, ita tana mayar masa da Hausa, ba mai jin wani. Ƙarshe ya sauka da soyayyiyar gyaɗa cike da hannunsa.

Da an idar da magariba muke kewaye kaskon: ni, da ƙanwata Rabi, da Iliya ɗan maƙwabtanmu. Su Iliya mutanen Jos ne, babansa kuku ne a gidan wasu Turawa a Ma'adi, kuma Kiristoci ne ’yan ɗarikar Mormon. Iya ba ta taɓa iya faɗin sunan ɗarikar ba, ba ta kuma damu ba, tunda yaron yana jin Hausa kuma ya iya gaisuwa. Sai ta tona wuta da tsinke, ta buɗe tatsuniya, ta ce, “Ga ta nan tafe da kayanta, wa zai sauke ta?” Mu ce mu ne. Ni take fara tsokana kullum, wai maigidanta ragon miji ne, ko kuɗin goro ba ya bayarwa. A wannan barandar na fara sanin cewa Hausar da nake yi a gida rabin Hausa ce, sauran rabin yana bakin Iya.

Ni da Iliya sa’annin juna ne, a wata ɗaya muka cika sha biyu. A ɗarikarsu kuwa, a lokacin, yaro yana cika sha biyu ake naɗa shi dikon. Manya su ɗora masa hannu a ka su yi addu’a, daga nan shi ke zagayawa da faranti yana miƙa wa jama’a burodi da ruwa a wurin ibadarsu, wadda a Masar ranar Juma’a suke yi. Ran da aka naɗa shi ya dawo da farar riga da laktaye, wuya a sandare. Babansa ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da farantin basbusa, wani kek mai zaƙi na Masarawa, bakinsa har kunne, yana ba Baba labari. Baba ya ce mabruk, ya yi masa fatan alheri, ya rufe ƙofa. Da ya juyo na san akwai magana, don fuskar ba ita ce wadda ya buɗe ƙofa da ita ba.

A kan abincin rana ya yanke hukunci. Ya ce ɗan maƙwabci mai shekara sha biyu yana hidimar addininsa a gaban manya, shi kuma nasa yana tsugune cikin mata ana cika masa kunne da ƙarya. Daga yau na girma. Bayan magariba zan riƙa bin sa unguwar Abbasiya, zuwa ɗakin da ɗaliban ilimi ke taruwa suna bitar littattafai. Umma ta ce ai Iya baƙuwa ce, saura kaɗan ta koma, a bar yaro ya ƙarasa da ita. Baba ya ce, “Khalas, na gama magana.”

Na kalli Iya ina jiran ta tsawata masa, ai ɗanta ne. Ta sunkuyar da kai tana murza carbi. Baba ɗanta ne na fari, kuma Iya mutumiyar da ce: ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in tana da magana da shi sai ta faɗa wa bango ko ta faɗa wa Umma. A ranar na tsani wannan kunyar, kuma ban ce na daina ba.

Haka na riƙa shan mikrobas, ƙaramar motar haya, cikin sanyi zuwa Abbasiya. Ba na zargin ɗaliban, mutanen kirki ne. Amma me yaro zai tsinta a muhawarar masu gemu kan sharhin sharhi? Aikina zuba shayi da gyangyaɗi. In mun dawo na tarar da toka a kasko, Rabi tana ta zumuɗin ba ni labari a hargitse, ta fara daga ƙarshe ta manta tsakiya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Iliya bai fasa zuwa ba. Dikon guda, wanda saboda shi aka kore ni, yana nan zaune a wurina yana ɓarar gyaɗata. Na tare shi a matakala na tambaye shi ko ba ya jin kunya. Ya yi sororo, ya ce shi ba wanda ya hana shi, faranti aka ba shi, ba gemu ba. Mamarsa da ke shanya ta jiyo mu, ta yi dariya ta ce dikon ɗin da har yanzu sai ta duba masa bayan kunne in ya fito wanka. Su sun ba ɗansu aiki daidai hannunsa, sun bar masa ƙuruciyarsa. Baba ya leƙa gidan mutane, ya ga rabin abu, ya zo ya sauke mini shi a ka.

Ana saura ’yan kwanaki Iya ta tafi aka yi ruwan sama, tituna suka cika, ba mu je Abbasiya ba. Baba ya zaunar da ni a falo da littafi, shi ma ya buɗe nasa. Ƙofar baranda a sakaye take, ban kuma yarda iska ce ta bar ta haka ba. Na ji Iya ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Ta ce wai an yi wani manomi da ya ga ɗan maƙwabcinsa a kan kuka yana tsinko ’ya’ya. Kishi ya kama shi, ya jawo nasa ɗan ya kafa masa tsani ya ce hau. Abin da bai lura da shi ba, maƙwabcin yana tsaye a bayan kukar riƙe da tsani, da yamma kuma ya sauko da ɗansa su ci tuwo. Shi kuwa manomin, yaro na kaiwa reshe ya janye tsanin, wai namiji ba ya saukowa ta inda ya hau. Yaro ya ce Baba ina jin sanyi. Uban ya ce kai namiji ne. Yana faɗa, kukar ta ƙara tsawo. Yaro ya ce Baba ina jin ƙamshin miyar kakata. Uban ya ce kai namiji ne, kukar ta sake miƙewa, har muryar yaron ta zama kamar ta sauro.

“Kakar yaron kuwa tana gani,” in ji Iya, “amma bakinta a ɗaure yake. Sai ta fito tsakar gida, ta dubi kukar, ba ta dubi ɗanta ba, ta ce...”

Baba ya miƙe. Na ɗauka zai fita ya zauna da su, wallahi haka na ɗauka. Sai ya tura ƙofar ta rufu, ya murza makulli, ya ce da ni, “Yalla, karanta da ƙarfi.” Na karanta. Ta gilashi ina ganin bakin Iya yana motsi, Rabi da Iliya sun zuba mata ido, ni kuma ina rera baitocin nahawu hawaye na sauka kan takarda.

Iya ta koma gida, azumin shekarar bai riske ta ba.

Na tambayi Rabi ƙarshen labarin, ta ce kakar ta roƙi kukar ta rusuna, yaro ya sauko. Na tambayi Iliya, ya rantse ba haka ba ne, yaron bai taɓa saukowa ba. Har yau in mun yi waya sai sun yi gardama a kai, mai raba gardamar kuma tana ƙarƙashin ƙasa. Da na girma na gane ba mu aka yi wa tatsuniyar ba. Uwa ce da al’ada ta hana ta yi wa ɗanta magana, ta hura wuta, ta tara yara, ta bi ta kansu don ta isa gare shi. Na kuma gane cewa ɗora wa yaro nauyi ba laifi ba ne, laifin shi ne a ƙwace masa wurin hutawa a kira hakan tarbiyya.

Bara na yi ƙarfin hali na tayar wa Baba da maganar. Ya tsufa, ya yi laushi, jikoki na hawa kafaɗarsa. Ya ce, “Kana tsammanin kai kaɗai aka rufe wa? Tunda ta haife ni ba ta taɓa nufo ni da magana ba sai ranar. Ni ma ban ji abin da ta ce ba.”

Na so in ji tausayinsa, na kuwa gwada. Amma shi da hannunsa ya murza makullin, ni ba wanda ya tambaye ni.