Rumbun da ba a zuba wa hatsi

Shekarar da aka sami mulkin kai aka kawo ni aure daga Tambuwal zuwa wani ƙauye kusa da Fakku. Ni kuwa tun ina ƙarama akwai ni da bin diddigi, don haka ban yi kwana uku ba na lura da rumbu guda a bayan ɗakin surukata. Kullum a share yake, da tabarma da tulun ruwa a ciki, amma ko zangarniya ɗaya babu. Ga dawa jibge a tsakar gida, kaji na ta ɓarna.

Na tambayi maigidana, ya ce in bar zancen. Ina na iya! Wajen daka na ritsa wata tsohuwa maƙwabciyarmu. Ta ce lokacin yaƙin Turawa an yi ɗiban gwamna, aka rubuta sunayen maza a littafi, aka kwashe su ala tilas zuwa haƙar kuza a Jos. Da ɗan farin surukata aka tafi, sanyi ya kashe shi can. Da aka dawo ɗiba na biyu, matan garin suka cusa mazansu cikin rumbuna, suka je ƙofar maigari suka zauna da taɓarensu, suka ce sai dai a ɗebe su, su matan. Surukata ba ta taɓa ambaton ɗan nata ba, ga kunyar ɗan fari, ga ciwo.

Bayan 'yan shekaru malamin ƙidaya ya shigo garin da littafi. Surukata tana hango shi ta ce wa maigidana, “Tashi, shiga!” Ƙato da gemu, uban 'ya'ya biyu, ya tattare riga ya haye rumbu. Dariya ta kusa kashe ni.

Na leƙa rumbun na ce, “Malam, ƙirga mutane fa akai, ba ɗiba ba.”

Ya ce, “Na sani. In ban shiga ba, Inna ba ta cin abinci yau.”

Nan na daina dariya, kunya ta kama ni.

Malamin ya yi sallama, ya zauna a zaure, ya tambayi surukata 'ya'yanta maza nawa. Ta daɗe tana kallon littafin nan.

Ta ce, “Guda na, ɗana. Duba da kyau, kun riga kun rubuta shi. Ni nika jiran ku maido min shi.”