Taken Gariba a Faifan Turawa

A makon da Karimatu ta fita takaba, kuka ya ƙwace mata a cikin bas ɗin da ke tashi daga Old Kent Road zuwa Marylebone, a can Ingila. Wani dattijo mai tsohuwar rigar sanyi ya miƙe ya tsaya a gabanta, ya juya mata baya, ya kare ta daga idon mutane har ta share fuska. Haka ta san Abdul-Mumuni.

Mutumin zangon Kumasi ne. Ita tana sharar wani asibiti, shi kuma shekararsa goma sha tara yana goge-goge da dafa shayi a wani ɗakin ɗaukar waƙa. Ubansa, Gariba, makaɗin mahauta ne, kuma bai bar masa gadon komai ba sai kalangu ɗaya da taken gidansu, wanda ake kaɗawa a san ɗan wane ne ya shigo kasuwa.

Wata shekara wasu Turawa mawaƙan salon rock daga Ostiraliya suka zo ɗaukar sabon faifai. Suka saba da shi, har mai jitarsu yana sa cokali a cikin wake da shinkafarsa yana kiransa ɗan'uwa. Ranar da suka ga kalangun, suka nace sai ya kaɗa. Ya kaɗa musu taken Gariba sau uku, suka ɗauka.

"Sun ce za su sa sunan tsoho a jikin faifan," ya gaya mata a bas, bakinsa har kunne.

"Malam Mumuni, kun rubuta a takarda?"

"Haba Hajiya! Mutumin da ya ci tuwonka za ka ce ya yi maka signing? Musabaha kawai muka yi."

Ita ma da a garinsu ne, da ta ji kunyar tambaya.

Faifan ya fito, ya haye na ɗaya a Ingila da Ostiraliya. Waƙar farko da kalangun take buɗewa. Karimatu ba mai sauraron kiɗa ba ce, amma taken ya bi ta ko'ina: shagon nama, motar da ta tsaya a danja, har ƙofar gidan giya inda ta ga samari suna tsalle da kofuna. Ta kau da kai tana istigfari.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallacin Regent's Park, ya tare ta da faifan a leda, sabo fil. Shi karatun allo kawai ya yi. Ita ta taɓa firamare.

"Duba mini, idona ba ya ganin ƙanana."

Ta bi layi-layi da yatsa. Akwai sunan mai ɗaukar hoto, akwai na direba, har karen mai ganga an gode wa. A can ƙasa aka rubuta: kiɗan gargajiya na Afirka. Ta sake bi daga sama, ko Allah zai sa tsallake sunan ta yi.

"Babu, ko?" in ji shi.

"Babu."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Afirka. Ashe Afirka ne ya haife ni."

Ya kira lambar mai jitar sau da dama, wata mace ce kullum take cewa za a isar da saƙo. Bai sake kai kalangun wurin aiki ba. Bai zagi kowa ba, sai dai ya daina ci da kowa a kwano ɗaya, har ciwon zuciya ya ɗauke shi bara.

Faifan yana cikin akwatin Karimatu, ƙarƙashin sallaya. Ba ta taɓa kunna shi ba. A jikin takardarsa akwai rubutunta mai karkace, domin a ranar Juma'ar nan, kafin su rabu, ya zaro biro daga aljihu ya miƙa mata.

"Hajiya, kashe Afirka ɗin nan. Rubuta Gariba, makaɗin mahautan Kumasi. Ko wannan ɗaya dai ya faɗi gaskiya."