Usta Wagdi, Mai Gugar da Ya Rasu Muna Barci

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Yuli, da hantsi, Allah ya karɓi ran Wagdi Sarhan, wanda muke kira Usta saboda gwaninta a sana'a, mai guga na lungunmu a unguwar Shubra ta birnin Alƙahira, yana da shekara saba'in da 'yan kai. A kan gadonsa ya cika, cikin barcinsa. Aka yi masa sutura, aka sallace shi bayan azahar, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. A cikin sahun babu ko mutum ɗaya daga abokansa. Duk muna barci.

Wagdi, na san da kana nan sai ka yi mana dariya har da hawaye. An ce sau uku aka yi shela a lasifikar masallaci. To wa zai ji? Ni dai tagata a rufe, wayata a kashe, kunnena toshe da auduga, kamar yadda ka koya mini. Sai da na sauko da magariba na ga an kafa rumfa a bakin shagonka ana jera kujeru, na tambayi mai jerawa wa ya rasu, ya faɗi sunanka ko ɗago kai bai yi ba. Na ja ɗaya daga cikin kujerun na zauna.

Mutanen rana ba su san ka ba, kuma ba laifinsu ba ne. Abin da suka sani shi ne wani shago da kullum ƙofarsa ke garƙame, sai su cusa kayansu ta taga da yamma, da safe su tarar da su a goge. Wasu ma malalaci suke ce maka. Ka fara aikin dare ne don gudun zafin rana da zafin dutsen guga, daga baya ko da sanyi ya shigo ka ƙi komawa. Kakan ce da rana gari na masu ihu ne, da dare kuwa ko mutum raɗa ya yi ana jinsa. Daga isha zuwa kiran assalatu kana tsaye a kan teburinka, ka guntsi ruwa ka fesa wa riga, rediyo na karatu ƙasa-ƙasa, tukunyar shayi ba ta sauka daga wuta.

Ni aikin ɗab'in jarida ne ya mai da ni mutumin dare. Na yi ritaya, barcin dare bai yi ritayar guduna ba. Muddin matata Ni'imat na da rai abin bai dame ni ba, don ko numfashinta nake ji a ɗaki ya ishe ni hira. Da ta rasu, 'ya'ya suka koma ƙasashen da suke aiki, sai gidan ya yi mini faɗi. Ban manta daren da na fara saukowa ba, ban ma san inda na nufa ba. Ka dube ni, ba ka yi mini wa'azi ba, ba ka ce in yi haƙuri ba. Sai ka miƙo mini bakin wani zanin gado ka ce, "Kama nan, Sabri. Kai kuma ja da ƙarfi mana, hannu kamar na amarya!" Muka ninke shi, ka miƙo wani. Har asuba muna ninki. Daga baya na gane zannuwan tuni a ninke suke, warware su ka dinga yi saboda ni. Tun daga ranar ban sake kwana a gida ni kaɗai da bango ba.

Ba ni kaɗai ba ne. Akwai Alhaji Mitwalli, tsohon direban jirgin ƙasa da tsufa ya rikita wa tunani. Yakan sulale daga gida tsakar dare wai zai tafi tasha kada jirgi ya makara. Kai kake tare shi ka ce, "Ranka ya daɗe, an ɗage tafiyar, zauna ka sha shayi tukun." Ka zaunar da shi yana ba ka labarin tashoshi, gab da asuba ka riƙe hannunsa ka mai da shi ƙofar gida. Har ya bar duniya iyalinsa ba su san yana fita ba. Akwai Sitt Afaf, ma'aikaciyar jinya, wadda ba ta shiga lungun nan in ta taso aiki sai ta hango ka tsaye a bakin ƙofa. Akwai Girgis mai kemis, wanda kullum kuke tsiya, yana ce maka jemage, kai kana ce masa mujiya mai tabarau. Ranar da mahaifiyarsa ta rasu kai ka goge baƙaƙen kayan gidansu kaf, da ya yi yunƙurin godiya ka ce ya tafi ya ba ka wuri, yana tare maka iska.

Doka ɗaya ka kafa mana, kuma ba ka wasa da ita: ba a tashin mai barci. In mun yi dariya da ƙarfi sai ka ɗaga dutsen guga ka nuna benaye ka ce, "Ku rage murya, bayin Allah na can sun yi wahala da rana." Mun saba har tarinmu ma a tafin hannu muke yi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Tahani, 'yarka tilo. Ta zo daga garin Tanta, inda take aure, a makon nan don ta sake roƙonka ka rufe shagon ka koma wurinta, ka rayu kamar sauran mutane. Ita ta shiga tashinka ta tarar rai ya yi halinsa. Ba ta san gidan kowa a cikinmu ba. Da na shiga yi mata gaisuwa, idanunta sun kumbura, ta ce, "Baffa Sabri, kullum Baba sai ya ce mini yana da jama'a, wai shi ya sa ba zai bar nan ba. Ina jama'ar? Da ƙyar aka cika sahu ɗaya. Ashe shi kaɗai yake zaune duk shekarun nan, yana ɓoye mini?" Na ce mata ta yi haƙuri, za su zo.

Aka yi zaman makoki daga magariba. Kujeru sun fi mutane yawa. Mai karatu ya rufe wajen ƙarfe goma, masu rumfa suka kwashe kayansu, Tahani ta hau sama ta kashe fitila. A lokacin ne labari ya fara isa ga mutanenka na dare. Sai ga su suna shigowa ɗaya bayan ɗaya: masu tasi, ma'aikatan gidan gurasa da gari a gashin girarsu, masu gadi, masu sharar titi, Sitt Afaf da fararen kayanta, Girgis ya rufe kemis a karo na farko tun da na san shi. Lungu ya cika daga wannan baki zuwa wancan. Babu kujera, muka zauna a kan dakali da gefen kwalta. Muka ɗaga kai muka ga tagar gidanka duhu. Wani direba ya ce a ƙwanƙwasa, Girgis ya ce, "Kai, ka yi hankali! Yarinya ta wuni tana kuka, yanzu ta samu ta runtsa, mu tashe ta? Usta zai yafe mana?" Kowa ya ga gaskiyarsa. Muka yi maka addu'a cikin raɗa, manyan maza na kuka suna toshe baki da hannun riga. Kafin gari ya waye kowa ya watse, har kofunan shayi muka kwashe kada mu bar mata aiki.

Washegari da yamma na koma na ba ta labari, ina tsammanin zuciyarta za ta yi sanyi. Sai ta ce, "Me ya hana ku ƙwanƙwasa?"

Na ce, "'Yata, ba ma tashin mai barci."

Ta ce, "Wa ya ce muku akwai mai barci a gidan nan? A ƙasan ɗakinsa na kwana zaune, jikin gadonsa, ina cewa ubana ya mutu babu wanda ya zo."

Wallahi, Wagdi, ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu mini irin na wannan lokaci ba. Mu da muka fi kowa sanin yadda tagar marar barci take, muka kasa gane ta 'yarka. Tana sama ita kaɗai, muna ƙasa cike da lungu, bene ɗaya ne tsakaninmu. Muka ce za mu sake taruwa, amma mijinta ya riga ya zo ɗaukarta, kuma tun kafin isha suka kama hanyar Tanta. Ban sani ba ko ta gaskata ni, ko ta ɗauka lallashin tsoho ne kawai.

Shi ya sa na rubuta wannan, don ya zama shaida. Ubanki, Tahani, bai yi miki ƙarya ba. Yana da jama'a, sai dai jama'ar tasa ba sa fitowa a lokacin da ake ganin mutane. Yanzu ga mu nan ya bar mu, kowa ya koma ɗakinsa yana sauraron agogo. Ni kaina har yau nakan sauko, in tsaya a bakin shagon, in rasa abin yi da hannuwana, in koma sama.

Allah ya jiƙan Usta Wagdi, ya gafarta masa kurakuransa, ya yalwata kabarinsa ya haskaka shi, ya sa daren farko da ya yi a can ya fi duk dararen duniya sauƙi. Allah ya saka masa da Aljanna Firdausi saboda duk wanda ya ɗebe wa kewa. Ina miƙa ta'aziyyata, da ta dukan mutanen daren Shubra, ga 'yarsa Tahani da mijinta da jikokinsa da sauran dangi. Allah ya ba su haƙurin wannan rashi, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Tahani, in dare ya yi miki tsawo a Tanta, ki kira ni ko ƙarfe nawa ne. Kada ki ji nauyin tashina, idona biyu.