Allunan Maɗacin Malam

Ranar wata Asabar ce a watan Agusta, shekarar da nake aji biyar na firamare, aka sauke wani ƙaramin inji daga bayan acaɓa a ƙofar gidanmu da ke Liman Abaji. Ina tsakar gida ina wanke tukwane, na yasar da soson na fito da kumfa a hannu. Wanda ya kawo shi Oga Danladi ne, abokin Babanmu daga Sabon Gari, wanda ya yi aikin kafinta a Abuja.

Babanmu ma kafinta ne, amma na ƙusa da guduma. Shekara biyu kafin nan iska ta kayar da maɗacin da marigayi kakanmu, Malam, ya dasa a bayan gida, inda muke wasan ƴar gala-gala idan mun gama tsintar gyaɗa. Da aka kai shi wurin masu yanka, ashe gara ta cinye cikinsa, alluna uku kacal aka samu masu kyau. Kaka, matar Malam, ta sa aka jingine su a zaure suka bushe, ta ce tebur take so, kuma "kada a soka wa itacen Malam ƙarfe ko ɗaya." Idan allo ɗaya ya tsage, shi ke nan, babu wani maɗacin.

Wallahi ban taɓa ganin aiki irin na ranar ba. Oga Danladi ya jera allunan gefe da gefe, ya ja gajerun layuka da fensir a kan mahaɗarsu. Aka tayar da janareta, ya kafa bakin injin daidai kowane layi ya tura. Ƙiii! Garin katako ya feso ja, sai ga tsaga siririya a gefen allon, kamar an zana ta. Ya nuna mana wasu ƴan katakai falan-falan masu siffar ƙwallon mangwaro, biskit suke ce musu. Rabi zai shiga wannan allo, rabi wancan, danshin gam ya kumbura su a ciki su riƙe gam-gam.

To, sai biskit ɗin suka ƙi shiga. An ajiye su a buɗaɗɗiyar leda duk daminar nan, sun sha danshi sun kumbura tun a waje. Baba ya ɗauko guduma don ya buga su da ƙarfi, Oga Danladi ya riƙe masa hannu ya ce allon zai dare. Ga alluna an riga an yi musu tsagar. Na ga zufa na karyo wa Baba.

Kaka ta ɗauki biskit ɗaya ta murza a yatsunta, ta kalli Baba ta ce, "Haba Kafinta, sanyi fa suka ji." Ta sa na hura garwashi, ta zuba su a kaskon da take soya gyaɗa, tana juya su da tafin hannu a hankali, manyan kafintoci biyu na tsaye suna kallonta. Da suka huce, kowanne ya zame cikin tsagarsa sumul. Aka shafa gam, aka matse allunan da ƙarafa ta waje, aka bar su suka kwana. Washegari Baba ya goge saman, ya rufe ido yana lalube da yatsa, ya kasa gano inda allo ya haɗu da allo. Kaka ta ɗora tafinta a kai ta daɗe, hawaye na zuba, ta ce, "Sannu da dawowa, Malam."

Yanzu teburan da nake gani a shagunan bakin titi na matsattsen garin katako ne, ruwa ɗaya ya taɓa su sai su ɓare, ba kuma wanda zai gaya maka daga wace bishiya suka fito. Kaka da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya. Teburin namu yana ɗakina, ƴaƴana na aikin makaranta a kai, suna mamakin yadda nake musu tsawa idan sun dangwarar da kofi. Ba su taɓa zama a inuwar maɗacin ba.