Maraƙin da Na Ci wa Rabo

Shekara ta uku da aurena a wani ƙauye na ƙasar Bazaga, tatsar shanun gidan ta dawo hannuna. Shanun surukina ne, uban mijina, irin jajayen nan na Azawak. Dokar tatsa guda ce kuma kowa ya san ta. Kan nono huɗu ne ga saniya, biyu na ƙwarya, biyu na maraƙi.

Lokacin kamfanin siminti na Malbaza bai daɗe da buɗewa ba, ma'aikata sun cika gari, ko nono nawa aka kai ba ya kai azahar. Ni kuwa ina da wata saniya mai sanyin hali wadda ba ta gajiya da bayarwa. Na fara tatsar uku ina bar wa ɗanta guda. Ba zan yi wa abin kwalliya ba, kwaɗayi ne. Akwai kuma wata mai harbi, wadda ko dabaibayi aka sa mata sai ta zubar da ƙwarya. Na fita harkarta, ɗanta ya riƙa shanye komai.

Da maruƙan biyu suka tasa, na mai harbi ya zama ƙato, tozo ya miƙe, gashi na sheƙi. Na mai sanyin hali kuwa ana ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin zaure. Bijimi guda ake bari a garke, sauran a dandaƙe su su zama na noma. Kowa ya san wanda tsoho zai bari.

Ni na san kuskure ne. Nono daga uwa yake bi ta ɗa ya sauka kan jikoki. In aka bar ƙaton nan, duk karsanar da za a haifa a gidan jikar mai harbi ce, ga tsiya ga ƙarancin nono. Dandaƙa kuma in an yi ta an yi ta. Matsalar ita ce, ba yadda zan faɗi haka ban tona wa kaina asiri ba, kuma tunda na zo gidan ban taɓa haɗa ido da surukina ba, balle in yi masa musu.

Ranar dandaƙa da hantsi, Bafillace mai aikin ya iso da gudumarsa. Aka kayar da ramammen, aka ɗaure ƙafafu. Mijina na danne da wuyansa. Na fito daga madafa, na durƙusa nesa kaɗan, kaina a ƙasa.

Na ce, "Baba, a yi mini aikin gafara. Wanga shi ne na bari."

Mijina ya harare ni. Tsoho ya ce, "Ɗiyata, mi kika gani ga wanga ƙashi?"

Na ce, "Ba rashin nonon uwa ya rama shi ba, Baba. Ni ce. Uku nake tatsa. Wancan kuwa ƙibarsa ta huɗu ce, uwarsa ba ta taɓa ba ni ko ludayi ba."

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma muryata ba ta yi rawa ba, don na san abin da hannuna ya sani.  Tsoho ya ce a kwance maraƙin, Bafillace ya dawo jibi.

Washegari ya sa aka tatsi shanun biyu a gabansa, kowace kan nono biyu. Mai sanyin hali ta cika ƙwarya har kumfa na zuba. Mai harbi, bayan ta kusa karya wa mijina hannu, ko rabi ba ta kai ba. Aka dandaƙe ƙaton. Ni kuma aka yanke mini hukunci, guda zan riƙa tatsa har maraƙin ya murmure. Mijina ya yi kwana bakwai ba ya amsa gaisuwata, na kuwa ji zafin wannan sosai.

Sai da aka shekara shida 'ya'yan bijimin da aka bari suka fara haihuwa. Na tatse su da hannuna, ga nono ga sanyin hali irin na kakarsu, ban yi mamaki ba ko kaɗan. Har daga Illela aka riƙa kawo shanu barbara.

Tsoho bai taɓa yabona ba, ba halinsa ba ne. Amma har shekarar da ya rasu, duk ranar dandaƙa ba a kayar da maraƙi sai ya waiga ya ce da mijina, "Kirawo min ɓarauniyar nonon nan, ta nuna muna na bari."